Ajiyar Anti Rabi a Daɗin Kowa

Da hantsi ne. Ina kwance da littafi a hannu, na kai daidai inda yarinyar labarin za ta ba saurayinta amsa, sai maigidana Sani ya shigo ko sallama babu. Ya dafa ƙofa ya ce, "Anti Rabi ta rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye littafin a kife, kuma har yau ban san amsar da yarinyar ta bayar ba.

Anti Rabi yayar mijina ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. Aikinta buga takardu da kwamfuta a wani shago a Kwararafa. Tun da aka kawo ni gidansu a Dilimi ba ta taɓa kiran sunana ba, sai Amarya.

Ita ta koya mini kwamfuta. Da ta ga son da nake wa karatu, sai ta riƙa bar mini tata idan ta dawo aiki. Ni kuwa duk littafin da na sauko da shi daga intanet sai in zube shi a fuskar kwamfutar, har hoton da ke baya ya ɓace. Wata safiyar Juma'a ta buɗe, ta ce, "Amarya, waɗannan masoyan naki ba su da ɗaki ne? Duk kin baro su a tsakar gida." Ta zaunar da ni muka buɗe folda, muka raɗa wa kowane fayil sunan da za a gane shi, muka goge maimai. Haka take yi duk Juma'a, kamar yadda take share ɗakinta. Ba ta faɗa, ba ta gori, sai dai ta sa ka yi da hannunka.

Akwai maganar da ba ta rabuwa da bakinta: "Abin da kika ajiye wuri ɗaya, ki ɗauka ba ki da shi." Tana da dalilin faɗa. Shekarun baya gobara ta cinye gidansu, hotunan iyayensu duka suka ƙone. Gida-gida ta bi dangi tana aron waɗanda suka rage a hannunsu, tana sawa a kwamfuta, tana mayar wa kowa nasa.

Tana da aminiya tun makarantar koyon buga takardu, Mama Nanret, Kirista ce da ke zaune a unguwar Daɗin Kowa. Su biyun suka ƙulla wata al'ada. Duk ƙarshen wata sai su haɗu, kowacce ta kwafe sababbin hotuna da takardun gidanta a filashinta, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a adana fayil, ta miƙa wa ɗayar ta tafi da shi. Namu yana kwana a Daɗin Kowa, nasu a Dilimi. Na taɓa raka ta, na ce, "Anti, wannan nisa duk saboda ɗan filash?" Ta ce, "Nisan shi ne amfanin. Wuta ba za ta ci gefen gari biyu rana ɗaya ba, in Allah ya yarda."

Bayan addu'ar uku Sani ya so ganin fuskarta a hoto. Kwamfutar ta ƙi tashi, mai gyara ya ce abin da ke ciki ba zai dawo ba. Ya samo filash a jakarta, ya sa a kwamfutar maƙwabci, sai ga hotunan biki a coci, babu fuskar da ya sani. Ya ce, "Shi ke nan, Baba ya sake ƙonewa." Na ce, "Wannan ba namu ba ne. Namu yana Daɗin Kowa."

Washegari Mama Nanret ta zo gaisuwa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da filash. Muka buɗe a kwamfutar maƙwabcin, muka kwafa. Komai na nan a jere: Baba, Inna, Bikin Sani, Takardun Gida. Har da wata folda mai suna Masoyan Amarya, littattafaina ne ciki. Na yi dariya hawaye na zuba.

Mama Nanret ta dube mu ta ce, "To ga naku, ku ba ni nawa. Yanzu kuma da wa zan yi musanya?"

Na miƙa hannu na mayar mata da namu cikin tafinta, na ce, "Mama, mun kwafa. Ki koma da shi. Naki kuma yana nan wurina."

Ta ce, "Ke mai littafi? Ba za ki manta ba?"

Na ce, "Idan na manta ki yi mini waya ki zage ni."

Allah ya jiƙan Anti Rabi, ya yafe mata, ya sa kabarinta ya zama dausayin Aljanna. Allah ya ba Sani da dangi haƙuri, ya sanyaya zuciyar aminiyarta, ya kyautata namu ƙarshen.

Ƙarshen watan nan ni zan hau keke mai ƙafa uku in tafi Daɗin Kowa.