Kujerar Baba a taron Tasawa

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan". Haka aka saba a garinmu Korgom, uba na jin kunyar ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya zama inda ake maganarsa. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai ranar da aka yi taron ɗalibai masu binciken muhalli a Tasawa.

Nawa binciken a kan gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sha rana. A gonar Baba na yi aikin. Yana ganina ina awon kututture ina kwasar ƙasa a leda, bai taɓa tambayata me nake yi ba. Na ce a raina, in ya gan ni da makirufo a gaban manyan malamai, ko bai ce komai ba zai ji. Da kyar Inna ta shawo kansa ya yarda zai je. Na goyo shi a moto, wato babur, ya sha babbar riga.

Kafin ni akwai abokina, wani ɗan garin Issawane da muke ɗaki ɗaya a jami'a. Shi a kan wani ɗan mitsitsin zanzaro ya yi aiki, wanda ke kashe tsutsar zangarniyar hatsi. Mutumin nan ko tuwo bai iya tuƙawa ba, ni ke ciyar da shi. Amma Allah ya ba shi baki. Ya fara da Faransanci, da ya hango manoma a baya sai ya juya Hausa, ya ce tsutsa ma tana da mai cin ta. Zaure ya ɗauki dariya.

Na waiwaya. Baba ya miƙo wuya, baki a sake, yana gyaɗa kai. Har hannu ya ɗaga ya yi tambaya! Baban da a gida sai ka yi kwana biyu ba ka ji muryarsa ba. Na so injin hasken hoto ya mutu, na so zanzaron nan ya fito daga hoton ya harbi mai shi a leɓe. Kowa na tafi, ni ma na tafa, amma a hankali.

Aka kira sunana. Ina hawa dandamali na ga Baba ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya bi gefen bango ya fita, a natse, ba fushi ba komai.

Na yi bayanina. An ce ya yi kyau, wata malama ma ta nemi in aiko mata da hotunan. Ni dai kujerar Baba kawai nake gani, wani ya ɗora jakarsa a kai.

Da aka tashi na same su a gindin itacen bedi, Baba da abokina. Baba ya riƙe masa hannu bai saki ba.

"Ɗana, wanga abu naka ya yi," in ji Baba. "In ka samu hali ka taho Korgom ka duba muna gona. Akwai itatuwan gawo, ban san mi ya sa hatsi ya hi kyau ƙarƙashinsu ba."

Abokina ya dube ni, kunya ta kama shi. "Baba, ai shi ne gwanin gawo."

"To, to," Baba ya ce, ya kau da kai yana neman inda muka aje moto.

A hanya zancen ɗan Issawane ya yi ta yi a bayan kunnena, ladabinsa, iliminsa, albarkar iyayensa. Ban kauce wa rami ko ɗaya ba. Na san al'ada ce, na san da ya zauna ya saurare ni, da mutanen garinmu sun ce ya rasa ta ido. Sanin bai rage mini komai ba. Kishi nake ji, tsantsarsa, na mutumin da ba abin da ya yi mini.

Muka iso gida, Inna ta kawo ruwa, ta durƙusa.

"Malam, ƙaƙa taron?"

"Madalla. Wani yaro na Issawane ya yi ƙoƙari ƙwarai."

Inna ta saci kallona. "Shi kaɗai ya yi magana?"

Baba ya kurɓi ruwa, ya aje kwanon.

"An ce wannan ma ya yi."