Mai Walda a Bakin Tafki

Gajimare suke kiransa a layin masu walda, kuma yana amsawa. Sunan ya samo asali ne daga wata tsohuwar kyamara da ya saya a hannun mai gyaran rediyo. Da an tashi cin abincin rana kowa ya nemi inuwa, shi sai ya zagaya bayan shago, ya tsaya tsakanin tulin rodi da tsofaffin ƙofofi, yana ɗaukar ɗan sararin samaniyar da gine-gine suka rage masa. Abokan aiki su yi ta tsiya, wai jira yake gajimare ya gyara tsayuwa. A sana'ar ya yi furfura, da ita ya ciyar da gida, amma bai taɓa ganin dutse da ruwa a wuri ɗaya ba sai a jikin kalanda.

Babbar 'yarsa ce ta matsa masa ya rufe shago ya huta. Ta kama musu ɗaki shi da mahaifiyarta a wani masauki da ke bakin tafki, da duwatsu jere a tsallake.

Tun safiyar farko rana ta ƙi ba shi haɗin kai. Ta bayan duwatsun take fitowa. In ya bi hasken sama, dutsen ya fito baƙi ƙirin, in ya bi dutsen, saman ya wanke fari fat. Da hantsi kuma ruwan ya shiga ƙyalli kamar an shimfiɗa sabon kwano. Wannan duk bai dame shi ba, ya san maganinsa. Ya rage hasken da ke shiga kyamarar, ya kare bakinta da hularsa, ya ce wa matarsa su jira la'asar, lokacin da rana za ta koma bayansu ta yi laushi.

La'asar ta yi, hasken ya kwanta a jikin duwatsun yadda yake so, sai dai wani farin hayaƙi ya tokare tsakaninsa da tsallake. Ya goge gilashin kyamarar da bakin riga, ya hura, ya sake gogewa, har matar ta ce in bai yi hankali ba zai huda shi. Washegari ma haka. Ya zargi raɓa, ya zargi mai gyaran rediyo, ya zargi masu ƙona shara a bayan masauki. Abinci ma a tsaye yake ci, yana leƙen taga.

Da yamma suna zaune a kan wani falalen dutse, ya tambaye ta ko a ganinta hayaƙin nan zai ɗaga kafin su tafi.

Ta dube shi, ta dubi tafkin. "Wane hayaƙi, Maigida? Ga mai kwalekwale can a tsallake yana jan koma, har jar hularsa ina gani."

Ya yi mata faɗan da bai saba ba, ya ce ita me ta sani a harkar hoto. Can ya ɗora tafin hannu a idon dama, duwatsun suka narke gaba ɗaya. Ya mayar da shi na hagu, suka dawo dishi-dishi. Ya tuna ƙofar da aka dawo masa da ita kwanan baya saboda waldar ta kauce, da yadda ya ɗora wa wayar wuta laifi.

Ya daɗe kyamarar na kan cinyarsa, sannan ya miƙa mata.

"Leƙa nan. Ki riƙa murza zoben nan a hankali, in kin ga dutsen tas ki faɗa mini."

Ya tallafa mata gwiwar hannu. Ita ta ce ya fito, shi ya danna. Haka suka yi har rana ta faɗi. A hanyar komawa ɗaki ya roƙe ta kada ta gaya wa yarinyar. Ta ce wannan kam ba za ta iya ba.

Da suka dawo gida, 'yar ta kai shi wurin likitan ido. Likita ya ce matsalar na dama yanar ido ce, ana cirewa. Na hagu kuwa ciwon daga can ciki yake, sai dai a lallaɓa abin da ya rage, kuma ya hana shi kusantar wutar walda.

Yanzu kullum da safe yana zuwa shago, ya zauna a benci ya juya wa tartsatsi baya, ƙanensa yana aikin. In mai kaya ya zo, shi ke yin magana, ya shafa haɗin ƙarfen da yatsa ya ce a sake nan. An sa masa ranar aikin ido, ya ɗaga sau ɗaya, ya ce sai ya kammala wata ƙofa. Matarsa ta san babu wata ƙofa, tsoro ne kawai.