Yadda Na Sa Ƙanena Ya Tsallaka Iyaka da Bindigar Mahaifinmu

A lokacin da abin ya faru na shekara bakwai a Riyad, ina tuƙa motar wani gidan Larabawa. Ni ne babba a ɗakinmu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ni mutum ne mai son tsari, kuma ban taɓa barin iƙamata, wato takardar izinin zama, ko lasisin tuƙina sun mutu a hannuna ba. Saboda haka a gida ake ɗaukata wanda ya san doka. Idan na yanke magana ta waya, ba a sake ta. Na saba da hakan har na fara ganin haƙƙina ne.

Garinmu yana kusa da iyakar Najeriya da Nijar. Mahaifinmu maharbi ne, yana da bindigar farauta mai baki biyu da takardar izininta, wadda yake ajiyewa cikin leda a ƙasan akwati. Da ya rasu aka raba gado, bindigar ta faɗa rabon ɗan'uwanmu da ke zaune a wani ƙauye ta wajen Maraɗi, inda ya yi aure yake noma. Sai aka tsaya a kan yadda za ta kai gare shi. Ƙanena da ke riƙe da gida ya kira ni ya ce shi dai gabansa na faɗuwa, a bar ta inda take, ko a miƙa ta ga hukuma. Na ce masa ya saurara sai na bincika.

Binciken nawa shi ne na je unguwar Batha ranar Juma'a, wurin mai shayin da muke haɗuwa da 'yan Maraɗi da Damagaram bayan an sauko masallaci. Na kawo maganar, gardama ta kaure. Wani dattijo mai gadi, mutumin Maraɗi, ya ce mu 'yan Ingilishi, wato 'yan Najeriya, takarda ta cinye mana kai, su can maharbi yana rataye da bindigarsa tun kakanni ba wanda ya ce masa daga ina. Wani magini ɗan Kano ya ce ai shi ya sa har gobe 'yan Nijar ba su san bin layi ba, a Najeriya sai ka je wurin 'yan sanda an bincike ka kafin a ba ka izini. Dattijon ya ce to da binciken naku me ya hana 'yan daji samun bindiga, aka yi dariya. Ni kuwa na ciro ɗan littafina na raba shafi biyu, na rubuta Najeriya a dama, Nijar a hagu, ina jera abin da kowa ya faɗa. Da na koma masauki na duba, sai na yanke hukunci kamar haka: na farko, dokar Najeriya ta fi tsauri, na biyu, muna da takardar Najeriya, na uku, takardar ƙasa mai tsauri ba za ta gaza a ƙasa mai sauƙi ba. Ban tsaya na tuna cewa dattijon nan ya fi shekara goma bai taka gida ba.

Na kira ƙanena na ce ya naɗe bindigar a tabarma, ya sa takardar a aljihu, ya bi ta hanyar mota, kada ya bi ta daji kamar ɓarawo. Ya ce Yaya, takardar fa sunan Baba ke jiki. Na ce masa ni da nake zaune a ƙasar da ko wuƙa ba ka yawo da ita, shi zai koya mini doka? Ya ce to.

Jandarmomin Nijar suka tare motar da ya shiga bayan an tsallaka. Shi da kansa ya nuna musu tabarmar, ya miƙa takardar, kamar yadda na umarce shi. Abin da na sani daga baya, ta bakin lauyan da dangi suka samo, abu uku ne. Nijar ma tana da nata izinin, ba a riƙe bindiga haka kawai. Takardar wata ƙasa ba ta aiki a wata, kuma shiga da makami ta iyaka laifi ne mai zaman kansa, balle a yankin da 'yan bindiga suka addaba. Sannan ko a Najeriya, izinin na mahaifinmu ne, ba ya bin gado. Ba layi ɗaya a littafina da ya tsira.

Ƙanena ya yi wata biyar a gidan kaso. Na roƙi kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, hutu, ya ce sai kwangila ta cika. Haka na ci gaba da kai yara makaranta ina ɗauko su, ina jiran waya. Damina ta wuce gonarsa ba a nome ba, matarsa ta haihu ba ya nan. Sai da masu gari na ɓangarorin biyu suka shaide shi, sannan aka sake shi, bindigar kuma ta tafi ke nan. Mahaifiyarmu ba ta zage ni ba. Ta ce kawai shi ya ji tsoro, ni na hana shi jin tsoron.

Ranar da ya fito na kira shi na nemi gafara. Ya ce ba komai Yaya, Allah ya yafe mu. Muna gaisawa har yanzu, yana tambayar aiki da zafin gari. Amma bara ya sayar da shanunsa biyu ya sayi fili, a bakin maƙwabci na ji.

Ina rubuta wannan ne domin 'yan'uwana da ke nan waje, waɗanda gida ke jiran maganarsu. Hirar mai shayi ba doka ba ce, kuma harshenmu ɗaya da na tsallake bai sa dokarmu ta zama ɗaya ba. In makami ya faɗo muku a gado, ku fara zuwa ga hukumar ƙasar da yake ciki, ku tambaya kafin a ɗaga shi daga inda yake. In kuma wanda zai ɗauka da hannunsa ya ce gabansa na faɗuwa, ku saurare shi, domin shi za a rufe, ku kuna nan.