Ƙafar Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Da aka yaye ni sai aka kai ni Kabo wajen Gwaggo, yayar Baba, ita ta riƙe ni har na shiga jami'a. In na zo Gwarzo hutu, Inna takan amsa gaisuwata tana kallon tukunya. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba. Kunyar ɗan fari ce, haka na ga ana yi a gidajen unguwarmu.

Na fara koyarwa a Kano a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da albashi ba ya kai mu tsakiyar wata. Bincikena a kan tsofaffi ne: wa ke kula da su, wa suke gaya wa ciwonsu. Na sha yawo Kutama da Sabon Birni a motar haya, ina zama a tabarmar iyayen mutane. Akwai wadda ta nuna mini ƙurjin da ta ɓoye wa mijinta. Uwar kowa tana yi mini magana, ban da tawa.

Bayan an kawo Shari'a, a shekarar da aka hana mata hawa acaɓa, na je gida na tarar Inna ba ta tashi daga zaune. Ta lulluɓe ƙafar hagu da zane, ga turaren wuta ana ta zubawa da tsakar rana. Na san warin da ake son dannewa. Autarmu, wadda ke aure a bayan gidanmu, ta ja ni zaure ta ce kara ne ya soke ta tun kaka, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Inna tana da ciwon suga. Na ga inda irin wannan yake ƙarewa a gidaje da yawa.

Na koma na durƙusa na ce, "Inna, a bari in ga ƙafar."

Ta juya wajen auta. "Ki ce mata ba komai, ya kusa kamewa."

"Ina jin ki, Inna. Ga ni nan."

"Zuba mata tuwo," ta ce da auta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan yi wa faɗa? Daga ranar zama ya gagare ni. In ina Kano hankalina yana Gwarzo, in na zo Gwarzo in kasa zama a tsakar gidan. Ina cikin koyarwa sai in manta inda na tsaya. Na aiko da mota, ta ce a gaida direba, ba inda za ta. Na aiko da magani, aka ɗora shi a kan kwanuka. Kullum auta tana gaya mini baƙin da ƙafar ta yi yana ƙara hawa sama.

Da abin ya ishe ni na tafi Kabo. Gwaggo ta bar ni na gama zazzaga, sannan ta ce, "Ke dai har yau ba ki da haƙuri. Muddin ke ce za ki kai ta, ba za ta je ba. Ki janye jikinki. A ce mijin auta ne zai kai ta, ke aiki ya riƙe ki."

Na san haka tun kafin ta faɗa, har na taɓa koyar da shi a aji. Yarda ce ban so in yi ba.

Aka gaya wa Inna ba ni cikin tafiyar. A ranar ta ce a ɗauko mata mayafi. Wallahi wannan ya yi mini ciwo. Ina laɓe a zauren maƙwabta aka fito da ita ranga-ranga aka sa a mota, ni kuma na bi su a motar haya.

A asibiti likita ya duba, ya fito ya same ni a baranda. Ya ce an makara, sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Na yi kuka, na tsine wa kunya a zuciyata, na dawo na yi istigfari.

Ranar aikin ban iya zama ba. Na kai bakin ƙofa, na dawo, na sake komawa. Da aka fito da ita na daina ɓuya, na shiga na tsaya daga gefen gadon, inda ba za mu haɗa ido ba. Zanen ya kwanta shafe a inda ƙafar take a da. Bayan la'asar ta farka. Nas ɗin da ke kula da ita, wata 'yar Filato mai fara'a, ta sunkuya ta ce, "Mama, ina ne yake miki ciwo?"

Inna ta mayar da fuskarta bango. Ni kuwa na kasa kunne, don ban taɓa jin ta faɗi ciwonta da bakinta ba.

Ta ce da nas ɗin, "'Yar nan, ki samo wa waccan kujera. Tun safe take tsaye, ƙafafunta za su kumbura."