Matar da Ta Ce Albasar Lohay Za Ta Ruɓe

Shekara talatin Paskalina Bura ta yi tana tsintar albasa a rumfunan ajiya na garinmu Mang'ola, ashirin daga ciki kujerata na gefen tata. Doguwa ce, siririya, tana ɗan jan ƙafar hagu. Ba ta da gona. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata ɗaki ɗaya, awaki uku, da 'ya guda, Emiliyana, wadda ta yi aure a Karatu.

Aikinmu shi ne ware albasar da za ta jure ajiya daga wadda dole a sayar da ita nan take, domin manoma kan ɓoye kayansu sai sun yi tsada. A wannan aikin babu kamar Paskalina. Za ta ɗauki albasa, ta danna wuyanta da babban yatsa, ta gaya maka ko wata huɗu za ta yi a rumfa ko sati uku.

A shekarar da abin ya faru, Lohay Amsi muke yi wa aiki, babban manomin unguwarmu. Ya zuba wa gonarsa farin takin zamani har sau huɗu, na ƙarshe a lokacin da albasa ta riga ta fara ƙosawa, kuma bai yanke ban ruwa ba sai ana jibi za a haƙe. Albasa ta fito manya-manya, ja jawur, mutane har daga wasu unguwanni suna zuwa kallo.

Paskalina ta danna guda biyar, ta ajiye.

"Maigida, ka kira dillali yau ɗin nan. Wannan ba ta ajiya ba ce."

Lohay ya yi dariya. "Inna, idonki ne ya fara mutuwa? Kin taɓa ganin irinta?"

"Na ga girmanta. Ruwa ne zalla a ciki. Taki ya yi mata yawa, wuyanta bai rufe ba. Ba za ta kai wata biyu ba."

"Ke da ba ki da ko kunya ɗaya ta gona, ke za ki koya mini noma? Ku jera mini kayana."

Muka jera, buhu ɗari uku, har kusa da rufi, iska ko kaɗan ba ta ratsawa. Sati na shida wari ya fara. Da aka buɗe, baƙin ruwa ne ke tsiyaya ta ƙarƙashin katako, ƙudaje sun yi gayya. Abin da aka tsira da shi bai kai buhu arba'in ba. Sauran da amalanke aka kwashe aka zubar a bakin rafi.

Lohay bai ce taki ne ya jawo ba. Ya tsaya a gaban shagon mai shayi ya ce, "Matar nan ta taɓa guda biyar, ta yanka musu wa'adi, kuma haka aka yi. Ku dai ku yi tunani."

Da a nan ta tsaya, da wataƙila an manta. Amma wani manomi, Ƙamara, wanda shi ma ya kwaikwayi Lohay wajen taki, ya kawo mata albasarsa ta duba. Na taka mata ƙafa, na yi mata raɗa, "Yaya, ki ce ba ki sani ba."

"In ce ban sani ba, yaransa su ci me?" Ta gaya masa gaskiya. Bai sayar ba, ta ruɓe.

Daga nan sunanta ya koma mai baƙin baki. In ta doso rumfa, sai a ja ƙyaure. Mata suka daina karɓar garin masara daga hannunta. Wata safiya ta tarar da awakinta biyu a mace, a kumbure, an ba su wani abu. Ni ma, da na ga aiki na neman kuɓuce mini, na ɗauke kujerata na koma wata rumfar. Ta ga lokacin da na ɗauka.

Ta sayar da akuyar da ta rage, ta hau motar Karatu. Surukinta ya riga ya ji labari, don haka wata uku kawai ta yi a gidan 'yarta, ta kama wani ɗan ɗaki a bayan kasuwa. Can take zama tana ɓare albasar da aka zubar, ta yanke ruɓar, ta sayar wa masu dafa abinci abin da ya saura.

Sau ɗaya na je wurinta, bayan shekara biyu. Ta rame, tari ya kama ta, yatsunta duk sun tsage. Na ba ta labarin cewa wani malamin gona ya zo garinmu, ya tara manoma a ƙarƙashin bishiya, ya ce a daina zuba farin taki in albasa ta fara ƙosawa, a yanke ruwa da wuri, a bar wa rumfa hanyar iska. Har tafi aka yi masa, Lohay na sahun gaba.

"To, madalla," ta ce. "Wani ya ambace ni?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke fa?"

Na ce mata a'a. Ta matsa mini wuri a kan buhun da take zaune, ta aika aka sayo mini shayi.

Ta rasu farkon damina. Emiliyana ta aiko da saƙo Mang'ola, aka sanar a coci ranar Lahadi. Mu biyu muka je jana'izar, ni da matar Ƙamara, ita ma sai da ta ce wa mijinta asibiti za ta.