Tabon da Aka Hana Ni Nunawa a Kano

Mun tashi da asuba daga tashar Matameye, ni da yayana, ƙafata ta hagu tana ja kamar ta aro. Likitan farko ya ce ƙari ne a jijiyar laka, irin wanda ba ya yaɗuwa, a je Kano a cire. Gidanmu har an yi murna.

Direba ya cusa mu tsakanin damin rake da wata tunkiya mai mita. A iyaka 'yan duwan, wato kwastan, suka zazzage kayan kowa, ni kuwa na ce wanda ke son in sauka ya zo ya ɗauke ni. Ba wanda ya zo. A Daura muka sha fura mai tsada, nonon duk ruwa.

Bayan Kazaure yayana ya sunkuyo. "Kada ki tada maganar ƙodar nan. Ya wuce." Shekarun baya an cire min ƙoda saboda ciwon daji. Tun daga nan aka hana ambatonsa a gidanmu, wai kiran sunansa gayyata ce.

Kano kuwa, zafi, hayaƙi, 'yan adaidaita kamar fara. Likita ta duba hoton bayana, ita ma ta ce ya yi kama da mara cutarwa. Ta tambaya ko an taɓa min aiki. Yayana ya yi caraf: "A'a."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, jikin nan naka ne?" Na sassauta zani na nuna mata tabon.

Ta ajiye alƙalami. Aka tsakuro naman ƙarin, muka yi zaman jira a gidan ƙanwar babanmu a Kurna. Sakamako ya fito: dajin ƙodar ne ya biyo jini ya sauka a jijiyar, ya yi lamo. Na ji tsoro, wallahi, na yi kuka. Amma da na yi shiru, da an sallame ni da barka, shi yana can yana cina. Yanzu an sa min ranar fara magani.

Da muka dawo, mata sun cika tsakar gida. Yayana ya ce musu, "Sanyi ne kawai."

Na ce, "Daji ne. Na ƙoda. Ya koma bayana, kuma zan koma masa Kano."

Abin da tafiyar ta koya min ke nan: shirun da muka yi bai kore shi ba, shimfiɗa muka yi masa. Wata tsohuwa ta toshe kunne tana salati. Na matsa kusa da ita, na maimaita.