Inda Ɗahiru Ke Alwala

Sumana Garba mutumin Lamorde ne, kuma tunda yake bai taɓa yarda cewa na'ura tana ƙarya ba. In awo ya fito a karkace, to wani ne ya yi mata ƙarya, ko waya, ko batir, ko mutum. Da wannan ra'ayi ya tsufa a wani ƙaramin ɗakin binciken ƙasa da ruwa, inda yake teknisiyan, mai kula da na'urori. Zabarmanci ya sha a nono. Hausa kuwa a kasuwar Wadata ya tsince ta wajen sayen wayoyi, ya ƙarasa ta a bakin Ɗahiru, direban ma'aikatar, mutumin Maraɗi mai gardamar tsiya.

Ɗahiru ba ya alwala a famfo tare da jama'a. Cewa yake dandamalin yana da santsi, kuma ruwan alwala bai kamata ya bi kwata ba. Sai ya cika buta ya zagaya bayan tagar Sumana ya tsuguna, har ciyawa ta yi kore a wurin. Sumana ya kan leƙo ya ce, "Ɗan Maraɗi, lambu za ka yi mana?" Shi kuma ya ce, "Zabarma, koma wajen wayoyinka." Haka suka yi ta yi har lokacin sanyin bara, da Ɗahiru ya kwanta ciwo bai tashi ba. Daga ranar Sumana ya rufe tagar, bai kuma ƙara bi ta bayan ɗakin ba.

Da zafi ya shigo sai Farida, ɗaliba ƴar Damagaram, ta zo da ƙara. Tana auna yadda zafin rana ke shiga rairayi, da wasu ƙananan faya-fayai da ta binne a harabar ma'aikatar. Wayoyinsu suna shiga wani akwati mai tattara awo a ɗakin Sumana. Wutar da ke bin wayoyin ba ta taka kara ta karya ba, milibolt ake kiranta, ɗaya cikin dubu na bolt. Abu kaɗan ke ɓata irin wannan awo.

"Baba Sumana, lambobin sun ƙi tsayawa," in ji ta. "Su hau su sauka, alhali ƙasar tana nan yadda take."

Ya canja batir. Ya haɗa bakin wayoyin biyu da juna, akwatin ya nuna sifili, wato cikinsa lafiya lau. Ya janye wayoyin daga kusa da na kuran, wato wutar lantarki, ya sayo sababbi a Wadata, ya sake liƙa kowane haɗi da dalma. Lambobin suka ci gaba da rawarsu.

Wajen liƙin nan ne abin ya dame shi. Hannunsa ya fara karkarwa tun bara, yana ɓoyewa, amma dalma ba ta rufa wa kowa asiri. Ya kan dubi haɗin da ya yi ya ga ya yi tudu kamar ɗigon kunu. Direktan ma'aikatar ma ya lura. Ya tare shi a baranda, cikin ladabi ya ce, "Baba, ko mu kira masu kamfani su duba? Kai ma ka samu ka ɗan huta." Sumana ya san inda irin wannan hutu ke kai mutum. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne shi ma ya fara zargin hannun nasa, bai kuma san abin da zai yi da kansa ba in ya bar ɗakin nan.

Ana nan, wata rana da azahar aka ɗauke ruwan famfo. Mutane suka yi cincirindo a bakin randa. Sumana ya ɗebi nasa a buta, ya rasa wurin tsugunawa, ƙafa ta kai shi bayan ɗaki. Ciyawar ta mutu, ƙasar ta bushe ƙamas. A tsakiyar wurin ga kan wani ƙarfe ya leƙo, da koriyar waya ɗaure a wuyansa ta shige ƙarƙashin taga. Shi ne ƙarfen da ke haɗa na'urorin ɗakin da ƙasa, don wutar banza ta samu hanyar zurarewa. Shi da kansa ya kafa shi yana saurayi, guntu ne, a rairayi. Ya taɓa shi ya ji yana motsi kamar haƙorin tsoho.

Ya daɗe a tsugune. Bayan salla ya ciko bokiti ya juye a gindin ƙarfen, ya sake cikowa, sannan ya buɗe tagar daga waje.

"Ƴata, duba mini lambobin."

Farida ta duƙufa kan allon akwatin. Can ta ce, "Suna lafawa, Baba. Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Guntun ƙarfe na kafa a busasshiyar ƙasa, bai kamata ya yi aiki ko na damina ɗaya ba. Wani ne ke ba shi ruwa ina yi masa tsiya."

Washegari ya sa aka haƙa rami mai zurfi, aka kafa dogon ƙarfe, aka zuba gawayi da gishiri yadda ake yi. Awon Farida ya daidaita. Direkta bai sake maganar hutu ba, hannun Sumana kuma bai daina karkarwa ba, sai dai yanzu ya san ba shi ne mai laifin ba.

Farida ta tambaye shi ko sabon ƙarfen ma sai an riƙa ba shi ruwa. Ya ce a'a, wannan ya kai inda ƙasa ke da laima. Da aka kira azahar ya ɗauki buta, ya wuce famfo yana zuba, ya zagaya bayan taga.